Toto, makahon da aka yi wa jana'iza sau uku

A ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno a yi kudu har Damazin, in aka ambaci mutanen Italiya abu biyu ne ke faɗo wa dattijo a rai. Akwai sojojin Mussolini da suka taso daga Habasha suka kama Kasala da Gallabat da Kurmuk a watan Yulin 1940, aka kore su bayan 'yan watanni. Akwai kuma injiniyoyin kamfanin Impregilo da suka gina madatsar ruwa ta Rusairis, wadda aka kammala a 1966, su ne kuma suka gina ta Kainji a Najeriya. A shekarar da aka kammala Rusairis ɗin, can a ƙasarsu, aka fito da wani fim na wani tsoho mai 'yar baƙar malafa, yana tafe a ƙasa a kan hanyoyin bayan garin Roma, hankaka na biye da shi yana masa magana. Tsohon nan ko hanyar da yake takawa ba ya gani sosai. Labarinsa zan ba ku, domin tun da na san shi na daina kallon marigayi Ibro da idon da nake kallonsa a da.

Sunansa na yanka Antonio, amma uwarsa Anna Clemente ta laƙaba masa Toto, da wannan sunan kuma duniya ta san shi. An haife shi ranar 15 ga Fabrairun 1898 a Sanita, wata unguwar talakawa a birnin Napoli, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya mai ƙofa a bakin lungu, igiyar shanya ta tsallaka daga wannan bene zuwa wancan. Ubansa Giuseppe De Curtis ɗan gidan sarauta ne, irin gidan da dukiya ta ƙare aka bar su da suna. Bai auri uwar ba a lokacin, saboda haka a takardar haihuwar yaron aka rubuta cewa ba a san ubansa ba. Da wannan tabon ya tashi, a hannun uwa da kaka.

Uwar ta so ya zama limamin coci, karatu ya ƙi shiga. A makarantar kwana ne wani malami yana wasan dambe da yara, hannu ya kuɓuce masa ya sami Toto a fuska. Hanci ya karkace, haɓa ta goce gefe, fuskar ta zauna a haka har ƙarshen ransa. Da wannan fuskar ya ci abinci shekara hamsin. Tun yana ɗan saurayi ya fara hawa dandamali a ƙananan gidajen wasa na Napoli yana kwaikwayon wani gwanin barkwanci mai suna Gustavo De Marco, mai sakin gaɓoɓinsa kamar 'yar tsanar da ake ja da zare. Toto ya koya har ya zarce. Yakan zame wuyansa gefe guda kafaɗu suna tsaye, ya karye a gwiwa, ya zube, ya miƙe, kamar babu ƙashi a jikinsa.

A yaƙin duniya na farko ya shiga soja, ya faɗa hannun wani kofur mai cin zali. Daga nan ya raba 'yan Adam gida biyu, wato mutane da kofurori. Kofur a wajensa shi ne duk wanda aka ɗan ba wa iko ya taka na ƙasa da shi ya durƙusa wa na sama. Bai taɓa mantawa ba, har sai da ya yi fim guda a kan wannan a 1955.

A 1922 ya bi iyayensa zuwa Roma. Ya sami shiga wata ƙungiyar wasa inda ba a biyansa ko sisi, ga gida da nisa, ga sanyin hunturu. Ranar da ya roƙi maigidan ya riƙa ba shi ko kuɗin mota, ranar aka sallame shi. Sai da ya kai ga gidan wasa na Jovinelli tauraruwarsa ta fara haske. Kayan da aka san shi da su kuwa talauci ne ya ɗinka masa: kwat mai jela da ta yi masa yawa, wando ɗangalalle, safa mai launi, igiyar takalmi a madadin laƙatayen wuya, da 'yar malafar nan. Ko da ya yi arziki bai canza su ba.

Suna ya zo, baƙin ciki ya biyo shi. Wata shahararriyar mawaƙiya, Liliana Castagnola, ta kamu da sonsa. Da ya yanke shawarar tafiya yawon wasa ya bar ta, sai ta sha maganin barci ta mutu a watan Maris na 1930. Abin ya tsaya masa a rai har abada. Ya sa aka binne ta a maƙabartar danginsa, kuma da matarsa Diana Rogliani ta haifa masa 'ya a 1933 ya raɗa mata suna Liliana.

A wannan shekarar ne wani basarake mai suna Francesco Maria Gagliardi Focas ya ɗauke shi a matsayin ɗa. Ubansa ma ya amince da shi a gaban shari'a. Toto ya zuba kuɗi da shekaru wajen binciken salsala da zaryar kotu, har bayan yaƙin duniya na biyu wata kotu a Napoli ta tabbatar masa da jerin laƙabobin sarauta masu tsawon gaske, ya zama Yarima Antonio De Curtis. Mutane da yawa sun yi wa wannan ɗabi'a tasa dariya. Ni ba ta ba ni dariya. Mu da kakanninmu suka sauka a wannan ƙasa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, suka nome audugar Jazira da hannunsu, amma har jikokinsu suka sha tambayar asali a wajen neman takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, mun san zafin a dubi mutum a ce ba a san daga inda ya fito ba. Yaron da aka rubuta ba shi da uba, in ya kwana neman takarda mai hatimi, na fahimce shi.

Fim ɗinsa na farko ya fito a 1937, amma dandamali ya ci gaba da zama gidansa. A lokacin da Jamusawa suka mamaye Roma yana wasa tare da Anna Magnani, suna sakin habaici a kan 'yan mamaya, jama'a na ganewa suna shewa. A 1944 aka tsegunta masa cewa za a kama shi, ya ɓuya har ƙura ta lafa.

Bayan yaƙi ne fina-finai suka ɓalle kamar ruwan Agusta. Ya yi 97 a rayuwarsa, a wasu shekarun ya kan yi shida ko bakwai. Furodusoshi sun gano cewa sunansa kaɗai ya isa ya cika gidan silima, sai suka riƙa liƙa shi a kan take: Toto mai neman gida, Toto shaihin sahara, Toto da Peppino. A ɗauki fim cikin 'yan makonni, labari ba kai ba gindi, a kunna kyamara a bar shi ya ƙirƙiro abin da zai faɗa nan take. Wanda ya taɓa zama a gaban talabijin ɗin mai shayi a ƙauyenmu, janareta na ruri, yara sun cika tabarma ana kallon Ibro Awilo ko Ibro Aloko, ya san irin wannan kasuwa ba sai an yi masa bayani ba. Ya kuma san abin da masu ilimi ke faɗa. Masu sharhi a jaridun Italiya sun yi shekaru suna kiran fina-finan Toto shirme, suna cewa ya zubar da baiwarsa a kwata. Talakawa kuwa suna layi.

Cikin shirmen nan akwai abin da masu sharhin suka daɗe ba su gani ba. A wani fim na 1954, Miseria e nobiltà, wato talauci da sarauta, an nuna iyalai biyu da yunwa ta gama galabaitarwa, sai ga kwanon taliya an dire musu a tebur. Suka fara matsowa a hankali kamar masu jin kunya, daga nan suka afka. Toto ya haye tebur yana rawa, yana cusa taliya a baki, yana cusa saura a aljihun kwat. Za ka yi dariya har hawaye. Amma wanda ya taɓa kwana da yunwa ya san dalilin sa taliya a aljihu: tsoron gobe ne. Wannan ba a koyonsa a makarantar wasa.

Fim ɗin da ya fara buɗe idon masu raina shi ya fito a 1951, sunansa Guardie e ladri, 'yan sanda da ɓarayi, na daraktoci biyu, Steno da Mario Monicelli. Toto ya fito a matsayin Ferdinando Esposito, ɗan damfara mai iyali, wanda ya sayar wa wani Ba'amurke jabun tsohon tsabar kuɗi a kangayen Roma. Wani ƙaton ɗan sanda mai tumbi, Aldo Fabrizi ne ya fito a matsayinsa, ya bi shi da gudu ta cikin gonaki da taɓo har dukansu suka zube suna haki. Ya kama shi, ɓarawon ya sulale. Aka ba ɗan sandan wata uku, ko ya kawo shi ko ya rasa aikinsa. Sai ya bi ta hanyar iyali, ya kusanci matar ɓarawon da 'ya'yansa ba tare da sun san ko shi wane ne ba. Gida biyu suka shaƙu, ɗan'uwan matar ɓarawon ya fara son 'yar ɗan sandan. Ranar da mazan biyu suka yi kiciɓis a matakalar bene, kowa ya fahimci cewa ɗan'uwansa ma uba ne mai neman abin da za a ɗora a murhu. Suka rufa wa juna asiri a gaban iyali, aka ce Esposito tafiya ce ta kama shi. Da suka fito titi ɗan sandan ya kasa ɗaga ƙafa, ɓarawon ne ya riƙa jansa zuwa caji ofis. A wannan tafiyar Toto bai karya wuya ba, bai murguɗa baki ba. Fuskar nan karkatacciya ya bari ta yi aikinta, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ya sami kyautar Nastro d'argento ta 'yan jaridar fim na Italiya, fim ɗin kuma ya ci kyautar tsara labari a bikin Cannes na Faransa a 1952.

Hukumar tace fina-finai ba ta ji daɗin ganin ɗan sanda yana abota da ɓarawo ba. Abin ya fi muni a kan Totò e Carolina, wanda Monicelli ya ɗauka a 1953. A ciki Toto ɗan sanda ne da aka umarta ya mayar da wata yarinya mai cikin shege ƙauyensu, kowa ya ƙi karɓarta, har masu nuna tsoron Allah, ƙarshe ya kai ta gidansa. Aka riƙe fim ɗin, aka yanke shi a wurare da dama, bai fito ba sai 1955. A tsakanin nan Roberto Rossellini ya sa shi a wani fim mai ɗaci, na wanzamin da ya fito daga kurkuku bayan shekara ashirin, ya tarar da mugunta a waje ta fi ta ciki, ya lallaɓa ya koma. Duk lokacin da na tuna wannan sai Rabilu Musa ya faɗo mini. Shi aikin gandiroba ya yi kafin ya zama Ibro, ya riƙe makullin gidan yari da hannunsa. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da hukumar tace fina-finai ta Kano ta yanke masa wata biyu a kan Ibro Aloko, ya shiga ta ƙofar da ya saba rufewa. Mai ba da dariya yana kusa da talaka, shi ya sa idon hukuma ba ya sauka daga kansa.

A 1954 Franca Faldini, wadda ya zauna da ita bayan rabuwarsa da Diana, ta haifa masa ɗa namiji, Massenzio. Jaririn bai kwana ba ya koma. Toto ya kulle kansa a gida na makonni.

Idonsa na hagu ya riga ya lalace tun 1938. Na dama kuma ya sha wutar fitilun ɗaukar fim, musamman a Totò a colori na 1952, ɗaya daga cikin fina-finan farko masu launi a Italiya, wanda sai da haske mai tsanani ake ɗaukarsa. A ƙarshen 1956 ya koma dandamali da sabon wasa, suna bin gari gari. A Milan ciwon huhu ya kwantar da shi, ya tashi bai gama warkewa ba, domin ƙungiya guda ce ke ci a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 1957 suka isa Palermo, gidan wasa na Politeama. Ana tsakiyar wasa, Franca na kusa da shi a kan dandamali, ya juya wa 'yan kallo baya ya raɗa mata cewa ba ya gani. Jini ne ya tsinke a cikin idon. Ya yi ta maza ya ci gaba, yana ƙara sauri, yana bin muryoyin abokan wasa, jama'a na ta kyakyata dariya ba wanda ya lura. Bai sake yawon dandamali ba daga wannan tafiya.

Ya yi watanni a ɗaki mai duhu. Ganin ya ɗan dawo kaɗan, inuwa-inuwa daga gefen ido. Ga bashin haraji ya taru, ga mutanen da yake ciyarwa, saboda haka a 1958 ya koma aiki, kuma kusan rabin fina-finansa a wannan hali ya yi su. Akan riƙo hannunsa a kawo shi wajen ɗauka sanye da baƙin tabarau. A karanta masa abin da zai faɗa ya haddace, a zagaya da shi ya ƙirga taku tsakanin ƙofa da kujera. Da an ce a fara sai ya cire tabarau, ya miƙe, ya yi tsalle, ya kewaye tebur, ya kalli abokin wasa cikin ido kamar yana ganinsa. Da an ce a tsaya ya nemi hannun da zai riƙe shi. Wuraren da ake bukatar a sake ɗora murya, tunda ba ya ganin motsin leɓensa a majigi, abokinsa Carlo Croccolo ne ke kwaikwayon muryarsa.

A gida mutum ne shiru-shiru, mai tsabtar tufafi, ba ya son hayaniya. Ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa Toto bara ne da ke aiki don Yarima De Curtis ya ci, wai shi a kicin yake cin nasa abincin. Na kusa da shi sun ba da labarin yadda yakan sa direbansa ya kai shi Sanita cikin dare, ya bi lungunan da ya tashi a ciki yana zura takardun kuɗi ta ƙarƙashin ƙofofi, ya tafi kafin gari ya waye. Ya rubuta waƙoƙi da harshen Napoli. Wadda ta fi shahara, 'A livella, labarin basarake ne da mai sharar titi da aka binne kusa da juna, basaraken yana ƙorafin maƙwabtaka, mai sharar yana tuna masa cewa kabari ya daidaita su kamar yadda ma'aunin magini ke daidaita gini.

Sai ga Pier Paolo Pasolini, mawaƙi kuma darakta, ɗan boko na ƙin ƙarawa, irin mutanen da Toto ya ɗauka ba su san da zamansa ba. Ya zo har gida ya nemi ya fito masa a Uccellacci e uccellini, manyan tsuntsaye da ƙanana. Uba da ɗa ne ke tafiya a kan hanya, Toto da wani saurayi Ninetto Davoli, suka haɗu da hankaka mai magana, masani, mai ba da labari kamar akun nan na Magana Jari Ce. Hankakan ya ba su labarin wasu sufaye biyu da waliyyin Kirista Faransis ya aika su yi wa shaho da gwara wa'azin ƙauna. Tsohon sufin, Toto ne dai, ya durƙusa a fili rani da damina har ciyawa ta tsiro a jikinsa kafin ya gane harshen shaho. Ya sha wata wahalar kafin ya gane cewa gwara da tsalle suke magana. Kowane ɓangare ya karɓi wa'azi. Suna cikin murna sai shaho ya kawo sura ya kashe gwara a gabansu. Abin da ya bayyana a fuskar tsohon a wannan lokaci na kasa mantawa da shi, musamman a shekarun nan da muka ga maƙwabci ya ɗaga wa maƙwabci makami a Shuɗin Nilu, muka ga mutanen Wad Madani da Sinja sun ɗauki 'ya'yansu sun bar gidajensu. Waliyyin ya ce musu su koma su sake farawa. A ƙarshen fim ɗin uban da ɗan suka gaji da surutun hankaka, ga yunwa, suka murɗe wuyansa suka gasa.

A Cannes a 1966 alƙalai suka yi masa yabo na musamman, ya sake samun Nastro d'argento. Yana da shekara 68, kuma ya ce a fili yana baƙin cikin yawan fina-finan banza da ya yi. Nan ne zuciyata ke karyewa game da Ibro. Duk wanda ya lura da shi a wuraren da ya fito a matsayin talakan da aka wulaƙanta, kafin ya juya abin ya zama raha, ya ga wani abu na wucewa ta idonsa na daƙiƙa guda. Kasuwa dariya take saye, ita aka riƙa nema a wajensa. Allah ya karɓi ransa ranar 10 ga Disambar 2014, aka kai shi Ɗanlasan, bai wuce shekara 43 ba. A irin wannan shekarun Toto ko Guardie e ladri bai yi ba, saura masa shekara goma.

Toto ya ci gaba da aiki har kwana biyu kafin ajalinsa. Zuciya ce ta buga, ya rasu a gidansa na Roma da asubahin 15 ga Afrilun 1967. Aka yi masa jana'iza ta farko a cocin Sant'Eugenio a Roma, a taƙaice, domin shi da Franca ba su da aure a idon coci. Ranar 17 ga wata aka ɗauki gawar zuwa Napoli, malafarsa a kan akwatin. Tun daga bakin gari mutane suka tare hanya, aka rufe kantuna, fiye da mutum dubu 100 suka cika dandalin cocin Carmine da titunan da ke kewaye. Abokin wasansa Nino Taranto ya yi jawabin bankwana yana kuka. Cikin taron akwai Dino Valdi, wanda ya yi shekaru yana tsaya masa a wuraren ɗaukar da ba ya iyawa, kuma yana kama da shi ƙwarai. Da wasu suka hango shi suka ɗauka mamacin ne ya tashi, har aka sami waɗanda suka suma. Cunkoso ya sa dole aka fitar da gawar ta wata ƙofa, aka wuce da ita maƙabartar Santa Maria del Pianto, aka ajiye shi kusa da jaririnsa da Liliana Castagnola. Har yau mutane na zuwa su bar masa 'yan wasiƙu a bakin kabarin.

Mutanen Sanita kuwa suka ce ba su yarda ba. Ɗansu ne, a lungunsu aka haife shi, kuma gawarsa ba ta bi ta ƙofar gidajensu ba. Wani mai faɗa-a-ji na unguwar, Luigi Campoluongo, wanda ake wa laƙabi da Hancin Kare, ya nemi izinin iyalin, ya shirya ta uku. Ranar 22 ga Mayun 1967 unguwar ta fito kwanta da kwarkwata, mata a tagogi, yara a kan katanga. Maza suka saɓa akwatin gawa a kafaɗa suka nufi cocin San Vincenzo da shi, jama'a na biye suna kuka suna miƙa hannu su taɓa. Kowa a wurin ya san babu kowa a cikin akwatin.